Taya ba ta son zama: abin da ya same mu a hanyar Gezawa

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, a yi mini haƙuri. Tun ranar suna nake son in yi shi, sai yau Allah ya nufa. In kana da mota a ajiye a ƙofar gida, ko akwai ta a gidanku, ko maƙwabcinka ne yake da ita, don Allah ka daure ka karanta har ƙarshe.

Waɗanda suka san gidanmu a Zakirai sun san Golf ɗin Baba, Allah ya jiƙansa. Da kuɗin sallamarsa ya saye ta bayan ya bar aiki. Da ya rasu aka zo rabon gado, muka yi shawara da ƙannena cewa kada a sayar, a bar ta a hannuna ta zama ta gida. Ba don kwalliya ba. Motar nan ita ce motar unguwa. Mace ta fara naƙuda cikin dare, ƙofarmu ake bugawa. Yaro ya suma, ƙofarmu. Kai amarya zuwa Zugaci ko Garun Danga, ɗauko Alhaji daga filin jirgi, duk ita ce. Baba ba ya karɓar ko kwabo, in ka matsa masa sai ya ce ka zuba mai kawai.

To sai ga 29 ga Mayu, 2023. Kowa ya san abin da ya faru. Shugaba Tinubu ya tsaya a wajen rantsuwa ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da muke saya ƙasa da naira 200, kafin mako ya zagayo ta haura 500. Watan Yuli ta kai 617. Zuwa Satumbar 2024 tana neman 900, a Oktoba kuma ta tsallake 1,000. Ni malamin makaranta ne, lissafin bai yi mini wuya ba. Zuwa Kano da dawowa a Golf ya koma cin abin da zai riƙe gidana kwanaki. Cikin watan Yunin 2023 na matsa da ita jikin katangar yamma, na kashe, na rufe gilashin gaba da tsohon tamfol, na koma kan babur kamar kowa.

Ba ni kaɗai ba ne. Ku duba unguwanninku. Daga Zakirai har Gezawa, har cikin birni, motoci nawa ne suka kwanta tun wancan lokacin? Wata awaki sun mayar da ita wurin hutawa, wata kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta, wata yara sun rubuce ta da yatsa a kan ƙura. Masu su ba su sayar ba, don kowa yana cewa abin zai yi sauƙi, kuma mota a gida rufin asiri ce ko ba ta tafiya.

Ni a ganina ina kula da ita. Duk bayan mako biyu ko uku nakan buɗe, in duba baƙin mai da ruwa, in tayar da injin ya yi kamar minti goma don kada batir ya mutu. Abin da ban taɓa yi ba shi ne in matsar da ita ko da taku ɗaya. Ina tsoron ƙona mai. Har ma da kaka ta yi muka rasa wurin ajiya, sai na zuba buhun gero uku a but da kujerar baya, na ce ai nan ɓera ba zai shiga ba. Suka yi watanni a ciki. Tayoyin kuwa ko kallonsu ba na yi, don zanensu yana nan raɗau, kamar ba a taɓa hawa ba.

Wata goma sha biyar tana nan a tsaye. Zafin bazara ya wuce a kanta, damina biyu, hunturu ɗaya.

Ƙarshen watan Satumba, wajen ƙarfe ɗayan dare, ƙanina ya buga mini ƙofa. Matarsa ce, cikinta ya tsufa, jini ya ɓalle mata. An riga an kai ta wurin ma'aikaciyar lafiya a nan gari, baiwar Allah ta yi iya ƙoƙarinta, ta ce wannan ba na nan ba ne, a wuce da ita Kano yanzu-yanzu, kada a jira gari ya waye. Direban hayan da muka saba kira a Kano ya kwana. Wani kuma wayarsa a kashe. Ƙanina ya dube ni ya ce, "Yaya, Golf fa?"

Na ce tana tashi. Kuma ta tashi, bugu ɗaya. Muka tura yaro ya taso ɗan bumburutu daga barci, muka sayi galan biyu a farashin da ya ga dama. Da muka haska tocila sai muka ga tayoyin sun yi laushi, ta baya ta hagu har ta kusa zama. Aka ɗauko famfon babur, muka riƙa bugawa da hannu, ni da ƙanina muna karɓeɓeniya. Ba geji. Ido ne geji, sai kuma ƙafa: ka harba taya ka ji ta yi tauri ka ce ta isa. Inna ta shiga baya ta rungume surukarta, ƙanina a gaba, ni a sitiyari.

Tun muna fita gari na ji motar tana wani irin tsalle, dum, dum, dum, sitiyari yana rawa a hannuna. Na ce a raina zama ne, in ta yi zafi za ta daidaita. Ta ɗan lafa kuwa. Inna tana ta salati a baya tana cewa, "Ka ƙara wuta mana, yarinyar nan jikinta ya yi sanyi." Na taka. Allura ta kusa 100.

Ba mu kai Gezawa ba. Ƙarar da na ji kamar an harba bindiga a ƙarƙashin kujera. Bayan motar ya kwashe gefe guda, ya dawo ɗaya gefen. Abin da Allah ya taimake ni da shi a wannan lokacin shi ne maganar Baba da ta faɗo mini: in taya ta fashe kada ka danne birki, ka riƙe sitiyari da hannu biyu, ka ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ka bar mota ta rage gudu da kanta. Haka na yi. Muka gangara gefen titi muka tsaya, gaban motar a bakin gonar wani bawan Allah. Ba wanda ya ji ciwo.

Na buɗe but na ciro safaya. Wallahi lokacin da na ɗaga ta na ji ta laƙwas, sai da gwiwata ta yi sanyi. Ba iska ko kaɗan, famfon kuma mun baro shi a ƙofar gida. Ko da yana nan ma, gefenta duk ya tsattsage.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a titi cikin dare a wannan zamanin ya san yadda abin yake. Ka ɗaga hannu, mota ta ƙara gudu. Ban ga laifinsu ba, ni ma da ni ne ƙila haka zan yi. Motoci huɗu suka wuce mu. Ƙanina yana kuka kamar yaro, yana kiran lambobin da ba a ɗauka. Daga ƙarshe Inna ce, tsohuwa mai ciwon gwiwa, ta fito ta tsaya a tsakiyar titi tana kaɗa mayafinta. Wata bas ta 'yan kasuwa ta taho, direban ya rage gudu, ya haska mu sosai, sannan ya tsaya. Da ya leƙa ya ga halin da yarinyar take ciki bai yi wata tambaya ba, ya sa fasinjojin kujerar gaba suka koma baya kan kaya. Ya kai su har ƙofar Asibitin Murtala, ya ƙi karɓar komai, ko sunansa ba mu samu ba. Duk inda yake Allah ya saka masa da Aljanna.

Tafiyar da ba ta fi awa ɗaya ba sai da ta ci mana fiye da biyu. Likita ya ce mabiyiya ce ta sauko ta tare bakin mahaifa. Aka yi aiki aka ciro 'ya mace, aka ƙara wa uwar jini leda biyu. Yau duka suna gida lafiya, alhamdu lillahi. Amma ni a gefen titi na kwana ina gadin mota, kuma abin da ya hana ni runtsawa ba sauro ba ne. Tambaya ɗaya ce: da yarinyar nan ta rasu a cikin mintunan da muka yi a tsaye, me zan ce wa ƙanina?

Da gari ya waye na hau babur zuwa Gezawa na ɗauko wani dattijo mai faci. Ya tsuguna ya daɗe yana juya tayar da ta fashe. Ya ce, "Malam, wata nawa motar nan ta yi ba ta tafiya?" Na faɗa masa. Ya ce, "A ƙasa take ko a siminti?" Na ce a ƙasa. Ya ce, "Wannan ɓangaren shi ne yake kallon rana?" Na ce Baba, kamar kana nan. Ya girgiza kai ya ce, "Ai wannan ba titi ne ya cinye ta ba, zama ne. Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi. To taya ma haka take."

Ya nuna mini abu uku. Na farko, gefen tayar duk ya yi ƙananan tsagu kamar ƙasan tafki da rani, ba ka gani sai ka matsa da yatsa. Na biyu, ya buɗe inda ta yage, wayoyin ƙarfen da ke ciki sun yi tsatsa ja, wasu suna karyewa a hannu. Na uku, ya goge gefen da tsumma ya nuna mini wani rubutu da ya fara da DOT, a ƙarshensa akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye: 2316. Ya ce ka san ma'anarsa? Na ce a'a. Ya ce mako na 23 na shekarar 2016, ranar haihuwarta ke nan. Tayar da na saya a 2022 ina murna na samu 'yar Kwatano mai zane, ashe tun a lokacin shekararta shida. Daren da ta fashe tana da takwas.

Ni da nake koyar da yara, mai faci ne ya zaunar da ni a gefen titi ya karantar da ni. Da na dawo gida na bi diddigin abin da ya faɗa, na tarar duk haka yake, har da ƙari. Bari in kawo muku a taƙaice yadda na fahimta.

Taya ba roba zalla ba ce. Roba ce da zare da wayoyin ƙarfe, an haɗa da sinadarai. Abokan gabarta su ne hasken rana, da zafi, da iskar da muke shaƙa, musamman wani nau'inta da ake kira ozon. Su ne suke busar da roba har ta tsage. Masu ƙera taya sun san haka, shi ya sa suke cakuɗa wani irin kaki da magunguna a cikin robar. In taya tana birgima tana lanƙwasawa tana ɗumi, maganin yana ci gaba da fitowa saman fatarta yana kare ta. In ta tsaya cak, wanda ke sama rana ta cinye shi, na ciki kuma bai fito yadda ya kamata ba. Ka ga ke nan tayar da ake hawa kullum tana shafa wa kanta mai, wadda aka ajiye kuma tana bushewa. Mu kuma a nan, watan Afrilu zafi yana haura maki 40, ga katangar da ta sha rana tana mayar wa taya da zafi har bayan magariba.

Sai maganar iska. Ko lafiyayyar taya tana rage iska da kanta, kamar maki ɗaya zuwa biyu a geji duk wata. Ƙaramar mota irin tamu tana son wajen 30 zuwa 32. Ku lissafa wata goma sha biyar. Rabin iskar ya tafi ba tare da ƙusa ta taɓa ta ba. Taya mai laushi da nauyin mota a kanta, ga buhunan gero, gefenta yana naɗewa a wuri ɗaya dare da rana. A nan tsaga take farawa. Ƙasanta kuma da ke manne da ƙasa sai ya baje ya daina zama zagaye. Tsallen da na ji muna fita gari ke nan. In zaman bai yi tsawo ba takan koma daidai bayan ta yi ɗumi, in ya yi tsawo shi ke nan ta tafi.

Ruwa kuma shi ya ƙarasa aikin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Damina biyu tayar tana zaune a cikin laima, ga fitsarin awaki, danshi ya bi tsagun ya isa ga wayoyin ƙarfe. Waya ta yi tsatsa ta rabu da roba. Daga waje taya lafiya lau, ciki kuwa ta ruɓe. Mu kuma muka zo muka buga mata iskar da ba ta kai ba, muka ɗora mutum huɗu, muka yi gudun 100. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwasawa fiye da ƙima, lanƙwasawar tana haifar da zafi, zafin ya raba abin da ya rage. Abin mamaki ba fashewar ba ce, yadda ta kai mu har inda ta kai mu ne.

A Amurka da Kanada da ƙasashen Turai akwai masu wata irin mota mai ɗaki a ciki, da gado da kicin da banɗaki, suna yawon hutu da ita lokacin zafi, in sanyi ya shigo su ajiye ta watanni. Su wannan matsalar tsohuwar saniya ce a wurinsu. Tayoyinsu ba sa suɗewa, tsufa suke yi, don haka shekaru suke dubawa ba zane ba. Suna da rigar taya ta musamman da suke sakawa, suna hawar da motar kan katako, suna auna iska a kai a kai. Su hutu ne ya sa suke ajiye mota, mu tsadar mai ce ta sa. Amma roba ba ta san dalili ba. Abin da yake cin tasu shi yake cin tamu, ranarmu ma ta fi tasu zafi.

To me za a yi? Ga abin da nake yi yanzu, kuma mafi yawansa ba ya cin kuɗi.

1. Inuwa. In akwai rumfa ko zaure mai faɗi ko gindin bishiya, nan ne wurinta. In babu, a rufe tayoyin. Ba sai an sayi komai ba: tsohon buhu fari, kwali, tsohuwar tabarma, guntun zana a jingine. Abu mai haske ya fi, kuma wanda iska za ta ratsa. Baƙar leda a naɗe tana tara zafi da gumi. Ni gilashi na rufe na bar taya a rana, alhali gilashi ba ya tsufa.

2. Kada taya ta zauna a kan ƙasa tsirara. Siminti mai tsabta ya fi, ko faffaɗan katako wanda ya fi tayar faɗi, kada rabinta ya rataye a baki. Amma a nan garin kun san gara, katako sai ana dubawa. Wurin kuma ya zama mai tudu, ba inda ruwan indararo ke taruwa ba.

3. A sauke kaya. Mota ba rumbu ba ce. Wannan da kaina nake.

4. A sayi geji. Ɗan ƙarami ne, yana shiga aljihu. Adadin iskar da motarka ke so yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko a murfin tankin mai. A auna da safe kafin rana ta yi zafi, sau ɗaya a wata, har da safaya. In za a ajiye mota a cika mata daidai, ko a ɗan ƙara kaɗan, amma kada a wuce iyakar da aka rubuta a gefen tayar. Harbi da ƙafa ba awo ba ne, taya tana iya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na iskarta ido bai gane ba.

5. A motsa ta. Tayar da inji a tsaye ba ya yi wa taya komai. Ko sau ɗaya a wata a fita da ita ta yi minti goma sha biyar ko ashirin a titi har tayoyin su yi ɗumi. Lita biyu ta isa. In man ya gagara gaba ɗaya, a tara yara a tura ta gaba kaɗan ko baya, don wurin da ke ɗauke da nauyi ya canja.

6. In an san za ta wuce wata shida, gara a ɗage ta da jak a ɗora a kan kututture mai ƙarfi, tayoyin su huta. Ban da bulo mai rami, yana fashewa ba gargaɗi, kuma yaranmu suna shiga ƙarƙashin mota wasa. In an cire tayoyin, a wanke su da ruwa da sabulu, su bushe, a ajiye a ɗaki mai sanyi da duhu, nesa da janareta da wurin walda da jarkokin mai.

7. Ban da shafa wa taya baƙin mai ko gas ko birki-oyil don ta yi ƙyalli. Mai yana cin roba.

8. Ranar da za a tayar da ita, a duba kafin a hau. A haska gefe biyu, na waje da na ciki. Tsaga mai zurfi, kumburi, ko waya a fili, wannan tayar ta gama aiki. Kilomitocin farko kuma a tafi a hankali.

Na san abin da wasu za su ce: Malam, mutum bai iya sayen mai ba, kana masa maganar taya? Ai dalilin ke nan. Sabuwar taya yau ba abin wasa ba ce. Na je Ƙofar Ruwa na yi tambaya, kuɗin guda huɗu masu kyau ya fi abin da nake ɗauka a wata, nesa ba kusa ba. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne tun Yulin 2024, a Kano 71,000. Ku je ku tambayi taya nawa wannan kuɗin zai saya.

Kuma akwai dalilin tsadar. A da ana yin taya a Najeriya. Michelin yana da masana'anta a Fatakwal, ya rufe a 2007. Dunlop yana da tasa a Ikeja, ya daina a 2008. Ga bishiyar roba a Edo da Delta da Kuros Riba, amma tayar da ke ƙarƙashin motocinmu daga waje ake shigo da ita, da dala. Dalar da gwamnati take bayarwa wajen naira 460 kafin Yunin 2023, a 2024 ta haura 1,500. Shi ya sa talaka yake komawa 'yar Kwatano, duk da cewa tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin jerin kayan da kwastam ta hana shigowa da su. Tayar da wani ya yar a Turai don ta tsufa, ita muke saya da sunan ta fi sabuwar Chaina ƙwari. Wata ma ta yi shekaru a jibge a rana kafin ta iso hannunka.

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana cewa taya shekara huɗu take yi daga ranar da aka ƙera ta. Kamfanin Michelin kuma yana cewa daga shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, in ta kai goma a cire ta ko da zanenta bai taɓu ba. Ko wanne ka ɗauka, sai ka iya karanta lambobin nan huɗu. Biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga lambobi uku ne kawai, tun kafin shekarar 2000 aka yi ta, ta girmi wasu masu karanta rubutun nan. Kada ka sake biyan kuɗin taya, sabuwa ko tsohuwa, sai ka duƙa ka karanta. Wanda ba zai iya sayen sabuwa ba, shi ya fi kowa buƙatar ya lallaɓa wadda yake da ita.

Maganar kuma ba ta tsaya kan Golf ba. Mu manoma ne. Tarakta tana aiki makonni kaɗan farkon damina, sauran shekara tana tsaye a fili, kuma tayarta ta baya guda ɗaya dukiya ce. Injin casa sai da kaka. Amalanke tana ta kai taki gona da rani, in shanu suka koma huɗa sai a jingine ta a bayan gida cikin ruwa. A-daidaita-sahun da ya lalace ana jiran kuɗin gyara, babur ɗin ɗan ci-rani da ya tafi kudu, duk hukuncinsu ɗaya. Haka motocin hukuma. Duk wanda yake yawo a ƙasar nan ya sha ganin motar ɗaukar marasa lafiya ko tarakta a harabar ofis, fentinta sabo, tayoyinta a zaune. Ba haɗari ta yi ba, ba a sace komai ba, babu dai wanda aka ɗora wa alhakin ya auna iska ya zagaya da ita. Ranar da aka neme ta sai a ce ba ta da lafiya.

Da na ba da labarin nan a majalisa wani ya ce mini, ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yarda, komai da ƙaddara. Amma ni na san abin da na gani da tocila a daren nan, na kuma san wata goma sha biyar ina wuce tayoyin nan safe da yamma ban taɓa duƙawa ba. Tsadar mai ba ni na jawo ta ba, ba kuma ni zan sauke ta ba. Buhun da zan rufe taya da shi kuwa yana nan a cikin gidana tun farko. Wannan ba laifin Abuja ba ne.

Ga inda muka tsaya yanzu. Bayan suna na tara magidantan layinmu, na ce motar nan ko dai mu sayar kowa ya san babu, ko mu riƙe ta da gaske. Mota a tsaye da ake zaton za ta yi rana ta fi babu haɗari, don saboda ita ba wanda ya yi wani tanadi. Muka yarda kowa zai riƙa kawo abin da ya sawwaƙa duk wata. Da shi muka fara sayen taya biyu sababbi muka sa a baya, muka samu biyu masu ƙarancin shekaru a gaba, da safaya mai rai. Na sayi geji da famfo suna cikin but. An yi mata rumfar kara. Kullum akwai mai a tanki wanda zai kai Kano, ba a taɓa shi sai don asibiti. Duk Juma'ar farkon wata nakan fita da ita ta hanyar Gezawa in juyo, yaran layi a cike a baya suna murna, su a ganinsu yawo ne.

Jaririyar tana nan tana ta ƙiba, sunan Inna aka sa mata.

Roƙona gare ku: gobe da safe kafin ka hau babur, ka je wurin motar nan da ka ajiye. Ka duƙa. Ka karanta lambobin, ka matsa gefen tayar da yatsa, ka buɗe but ka taɓa safaya. In ta mahaifinka ce ko ta maƙwabci, ka yi masa. Allah ya kare mu da iyalanmu, ya sauki masu ciki lafiya, ya kawo mana sauƙin rayuwa a ƙasar nan. Amin.